Dabaibayin Ɗan Akun Mma

Shekarar da Baba ya rasu, hanyar Sokode zuwa Dapaong ta cinye mini ƙugu. Ni tela ce, a zangon Sokode nake aure, ina da shago mai keke biyu da 'yan kaji da zabi a bayan gida. Mahaifiyata, Mma, tana Dapaong a gidan da aka haife mu, tare da ƙanena da ya gaji Baba a fawa, da matarsa. Duk wanda ya san hanyar nan ya san ba a gama ta da sauran ƙarfi. Ka tashi da sassafe, ka wuce Kara, ka hau duwatsu a bayan manyan motocin Burkina masu tafiya kamar an yi musu dole, ka gasu a Mango, ka isa da la'asar ƙafafu sun kumbura. Na yi ta zirya har direbobin tasha suka daina tambayata inda za ni.

Abu ɗaya ke kai ni, Mma ta daina cin abinci. Ta gama takaba, mata suka zo aka yi addu'a aka watse, ita kuwa ba ta fito daga ɗaki ba. Ba ta kuka, ba ta da ciwon da za a nuna wa likita da yatsa. An kai ta asibiti, aka auna nan aka auna can, aka rubuta maganin sa cin abinci. Ta karɓa, ta yi godiya, ta tura ƙarƙashin katifa. Tuwo ya shiga ɗakinta da zafi ya fito da sanyi. Matar ƙanena, baiwar Allah mai haƙuri da yawan magana, takan bugo ta ce, "Yaya, yau ma ɗan taɓawa kawai ta yi." Sai in ba masu ɗinki haƙuri, in rufe shago, in nufi tasha. In na je in fara da lallashi, lallashin ya koma faɗa, don ni Allah bai ba ni doguwar zuciya ba. In dawo da ciwon baya da haushi, kafin in warware a sake bugowa.

Wata safiya ta bugo, na ɗauka ina jiran abin da na saba ji, sai ta ce, "Yaya, Mma ta shanye koko. Da kanta ta dama."

Na ce wane malami ne ya yi wannan aiki? Ta yi dariya ta ce ba malami ba ne, tsuntsu ne.

Wani tsohon manomi ne ɗan ƙabilar Moba daga wajen Nano, wanda ya daɗe yana sayar wa Baba raguna. Labarin rasuwar bai kai masa da wuri ba. Ya zo gaisuwa a makare, ya durƙusa a ƙofar ɗakin Mma, ya cire hularsa, sai ga ɗan aku a ciki. Iska ce ta kayar da wata tsohuwar bishiya a gonarsa, ya tsince shi a kogon. Matar ƙanena ta kwaikwayi maganarsa har da muryar: "Mma, ni ba shi da komai na kawo. Wannan, uwanshi ya gudu. Ka riƙe shi, ya yi maka hira." Ba akun kudu ba ne mai jan wutsiya, irin namu ne na daji, kore mai kai ruwan toka, wanda ke ɓarna a gonar dawa. A lokacin ma babu koren, tsokar nama ce da ɗan gashi tsilli-tsilli da ƙaton baki.

Abin da abokin mijinta ya kawo mata na ta'aziyya ba za a jefa shi a kwali ba. Mma ta miƙe, ita da ba ta miƙewa sai salla, ta sauko da langar aurenta, farin kwanon nan mai jan fure da ko mu ba a bari mu taɓa muna yara. Ta shimfiɗa ɗankwalin siliki a ciki, ta ajiye shi. Ƙanena ya lanƙwasa mata gefen ƙaramin cokali ya zama kamar baki. Tana dama koko mai ruwa-ruwa da ɗan tunkuza, ta ba shi, shi kuma cikinsa bai fi cokali kaɗan ba. Sauran fa? Mma ba ta taɓa zubar da hatsi ba a rayuwarta, sai ta shanye. Ɗan aku kuwa bini-bini ya buɗe baki, ba ya cin mai sanyi, dole a sake damawa. Haka koko ya riƙa shiga cikin Mma ta bayan gida, ba tare da ta ce tana ci ba.

Na bar su suka ɗan kwana biyu kafin na je, don in huta. Da na shiga gida na same ta a tsakar gida kan tabarma, tana shan hantsi, langa a gabanta. Kumatunta sun ɗan ciko. Na tsaya da jaka a hannu, hawaye suka zo mini, na ji daɗin da na manta irinsa. Ta ce, "Zo ki gaida baƙona."

Na durƙusa na leƙa, sai daɗin ya gushe. Ƙirjinsa a ƙasa yake. Ƙafar dama ta tafi dama, ta hagu ta tafi hagu, sun tale kamar na kwaɗon da mota ta taka. Yana ƙoƙarin tashi, faratansa na zamewa a kan silikin, ya koma ya kife.

Na san wannan abu, ba a littafi ba, a bayan gidana. 'Yan zabi na yin sa in aka ajiye su a kan leda ko buhu mai santsi. Ƙafa ba ta sami abin kamawa ba, kullum ta ƙara zamewa waje, ƙashi kuma yana ƙwari a yadda ya sami kansa. In an kama da wuri aka haɗa ƙafafun, sai su dawo. In an makara shi ke nan, abin zai rayu a kan ƙirji, gashin wurin ya cinye, ya zama gyambo, ya ƙare a wahale. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, wannan kuwa ya fara bushewa.

Bakina ya riga hankalina. Na ce, "Mma, ai langar nan taki ce ta nakasa shi."

Matar ƙanena ta harare ni daga bakin murhu, na yi kamar ban gani ba.

Na nemi tsohuwar singileti na yanko siririn ƙyalle mai taushi. Na zagaya shi a ƙafa ɗaya, sama da yatsu kaɗan, na bar tazara daidai faɗin jikinsa, na zagaya a ɗayar, na ɗaure ba tamau ba, yadda jini zai wuce. Na sami ɗan ƙoƙo mai kaushin ciki wanda ya matse shi ta gefe, na cusa tsumman tawul a ƙasa, na zaunar da shi ƙafafu a ƙarƙashinsa. Ya yi ta tsala ihu kamar ana fige shi. Na yi wa Mma bayani dalla-dalla, na ce kada a kwance sai in za a canza ƙyallen, a riƙa duba ko ƙafa ta kumbura. Ta ce, "To."

Na san wannan "to" ɗin tun ina yarinya, amma gajiya ta sa na karɓe shi. Na tafi kasuwa gaida ƙanena a rumfarsa. Da na dawo, ɗan aku yana kwance a ƙirjin Mma, ƙafafu a baje, ƙyallen an ninke shi tsaf an ajiye mini a kan jakata.

Na sake ɗaurewa. Na shiga wanka, na fito, an kwance. Na ɗaure, na je gaisuwa maƙwabta, an kwance. Na ce watakila ƙullin ne ba ta son gani, sai na yanko ɗan soson katifa, na huda ƙofa biyu, na zura ƙafafun ciki, babu igiya babu ƙulli. Ta bari na juya baya ta zare shi. Da na yi magana ta ce, "Dabaibayi ko na auduga ne, sunansa dabaibayi." Kwanakin da na ɗebo don in zauna suka ƙare a haka, ni ɗauri ita kwance, masu ɗinki na ta bugo mini waya daga Sokode. Kullum na taɓa ƙafafun sai in ji sun ƙara tauri a hannuna.

Rannan da hantsi na same ta tana kwancewa da haƙori, don na ƙulle shi yadda farce ba zai iya ba. Raina ya ɓaci. Na ce, "Mma, wai so kike ya mutu ne? Kullum sai in gyara ki rushe. Tausayin nan naki shi zai kashe shi."

Ta gama kwancewa a tsanake, ta tofar da zaren, ta rufe shi da tafin hannu. Sannan ta ce, "Ke, a gidan mahauci na tsufa. Rago, akuya, kaza, zabo, duk abin da aka shigo da shi gidan nan da ɗauri a ƙafa, ban taɓa ganin ya kwana ba."

Na ce wannan daban, wancan daban.

Ta ce, "Ubanki da ya cika, babu kowa a ɗakin sai ni. Kafin in kira ƙanenki, ni na rufe masa ido, ni na miƙe masa ƙafafu. Na yagi bakin zanena na haɗa manyan yatsunsa na ɗaure, don kada su buɗe. Ba ki nan, kina hanya." Ta gyara wa tsuntsun kwanciya. "Ba zan zauna ina kallon ƙafa biyu a haɗe da tsumma ba. Ki yi abin da za ki yi, amma ba a gabana ba."

Ban taɓa jin wannan ba, ƙanena ma bai sani ba. Na zauna a bakin gado. Na ji tausayinta har cikin ƙashina, na kuma ji haushin cewa tausayin bai canza komai ba, don ƙafar tsuntsu ba ta san an yi rasuwa ba. Ko na yi kuka ko ban yi ba, gobe ta fi yau tauri.

Na sami matar ƙanena a madafa na ce zan tafi da shi Sokode, in ƙafa ta miƙe in dawo da shi. Ta ajiye muciya. Ta ce, "Yaya, in kin tafi da shi kin tafi da cokalin Mma. Kada garin neman gira a rasa ido." Na ce in na bar shi kuma ya ruɓe a ƙirji ya mutu a hannunta, wa zai ɗauki wannan? Ke? Muka tsaya muna kallon tukunya.

Da na gaya wa Mma, ba ta yi musu ba. Ta dama masa koko ta ba shi ya ƙoshi, ta goge masa baki da gefen mayafi, ta miƙo mini shi da cokalin. Ragowar kokon ta tura gefe.

A Sokode ya zauna cikin ƙoƙonsa a kan teburin yanka, kusa da keke. Lokacin ɗinkin salla ya matso, kaya sun taru har rufi, ga kuma wannan mai baki da ba ya jiran kowa. Ina tsakiyar ɗinka wuyan riga zai fara ihu, in tashi in hura gawayi, in dama, in fifita, in ba shi, ya fesa mini rabi a zane. In kwance ƙyalle in wanke ƙafafun da ruwan ɗumi, in murza su a hankali, in duba kumburi, in sa sabo. Yana girma ina ƙara tazarar. Sau ɗaya ya koyi tsinke ƙyallen da baki, na koma ɗinka masa da zare biyu. Mata masu kawo ɗinki suka sami abin yi. Wata ta ce, "Madam, an yi haihuwa ba a gaya mana ba? Yaushe suna?" Na ce ranar da kika biya ni haƙurin da nake yi da ke. Maigidana ya leƙa sau ɗaya ya ce bai taɓa ganin wanda ya bar ɗinkin salla yana yi wa tsuntsu ɗori ba, na ce yau ya gani.

Ba son sa nake yi ba, in faɗi gaskiya. Aiki ne ya ƙaru a kan aiki. Amma hannuna ne ke zuwa da abinci, muryata yake ji daga safe zuwa yamma, kuma a daidai kwanakin nan ne gashinsa ya fito, ya fara sanin wane ne wane.

Waya daga Dapaong ta koma yadda take da. "Yaya, yau ɗan taɓawa." In an ba Mma wayar ba ta tambayar lafiyata, ba ta tambayar jikokinta. Cewa take, "Kin kwance shi?" In ce saura kaɗan. Ta ce to, ta miƙa wayar. Sau da yawa na ɗauki almakashi zan yanke ƙyallen in hau mota, sai in taɓa ƙafar hagu in ji ba ta gama zama ba, in ajiye. Na riga na ɗauko wahalar, ban ga amfanin mayar da ita rabi ba.

Wata rana da azahar na cire ƙyallen zan canza, na ajiye shi a kan tebur na juya neman sabo. Da na waiwayo yana tsaye. Ya yi tangaɗi, ya taka, ya sake takawa, ya je ya kama tef ɗin awona da ƙafa ɗaya ya kai baki. Ƙafar hagu ta ɗan karkace, har yau haka take, amma tana ƙarƙashinsa. Na yi tsammanin zan yi guɗa. Sai kawai na ja kujera na zauna na ce alhamdu lillahi, na ji barci nake so.

Na bari ya ƙara ƙwari, na miƙa ɗinkin mutane, na sa shi a kwali mai huji na kama hanya.

Mma ta koma ɗaki, ta kuma zube fiye da yadda na bar ta. Amma da ta ji sallamata ta yunƙura ta zauna, ta ce a dama koko. Na buɗe kwalin a kan tabarma. Ya fito da ƙafafunsa, kore shar, ƙirji ruwan ƙwai, yana taku yana karkata kai. Matar ƙanena ta rangaɗa guɗa. Mma ta yi murmushi, na farko da na gani a fuskarta tun rasuwar Baba. Ta ɗebo koko a cokali, ta yi masa ɗan sautin da take kiransa da shi, ta miƙa hannu.

Ya ja da baya. Ta matso, ya buɗe baki ya yi mata huci. Ta sa yatsa za ta shafa kansa, ya kafa mata baki har jini ya fito. Sannan ya juyo da gudu, da ƙafafun nan da na gyara, ya kama zanena ya hau har kafaɗa, ya ɓoye kai a bayan kunnena.

Na ce baƙunta ce, gajiyar hanya ce, zai saba. Na ƙara kwanaki. Na daina ba shi abinci don yunwa ta kai shi wurinta. Nakan bar shi a ɗakinta in fita in zauna a zaure inda ba zai gan ni ba, ina jin ihunsa har titi. Matar ƙanena ta ce in ba na nan ba ya kallon cokali, ƙofa yake kallo. Mma ta gwada koko, ta gwada gyaɗa, ta gwada gwanda. Yakan ɗauka in an ajiye a ƙasa, daga hannunta kuwa a'a. Ta riƙa rage gwadawa, har wata safiya ba ta ce a dama ba.

Ranar da zan koma na shiga sallama, na ce zan bar shi, in ya ga ba ni sai dole ya saba. Tana kwance ta ba ni baya. Ta juyo ta dube shi a kafaɗata, ta daɗe tana kallon ƙafafun yadda suka riƙe rigata.

Ta ce, "Ƙafa kam ta miƙe, Allah ya yi miki albarka. Kin iya."

Na ce amin.

"Amma tafi da abinki. Wanda na ba ki ba ya iya zuwa ko'ina, nan yake kwana," ta dafa ƙirjinta. "Wannan yana da ƙafa, ya kuma nuna inda za shi. Ba zan tsare shi yana kallon ƙofa ba."

Mai babur ɗin da zai kai ni tasha yana ta danna oda a waje. Na sa tsuntsun a kwali, na ɗauki jaka. A tsakar gida na ci karo da matar ƙanena ta nufo ɗakin da kwanon koko yana tururi. Ba ta dube ni ba. Ina ɗaure kwalin a bayan babur na ji ta tana cewa, "Mma, tashi ki ɗan sha ko kaɗan ne," na kuma ji Mma ta ce ta ajiye tukuna.